Arirang: Yadda Waƙar Ƙauye Ta Zama Waƙar Ƙasa a Koriya

Mun zaɓi waƙar Arirang ta mutanen Koriya domin tarihinta ya taɓo wata matsala da ke gaban mai tsara manhajar adabin baka, wato wane nau'i ne zai shiga littafi idan waƙa ɗaya tana da nau'o'i barkatai.

Arirang ba ta da wani makaɗi da ake jingina ta gare shi. Tsarinta mai sauƙi ne: akwai gindi wanda kowa ya sani, sai ɗan waƙa mai layi biyu da mai rerawa kan iya ƙirƙira nan take. Babban jigonta rabuwa ne, masoyi ya haye tudu ya bar na baya cikin bege. Saboda wannan sauƙi, kowane yanki ya yi tasa. Hukumar UNESCO ta kawo ƙiyasin cewa akwai manyan nau'o'i kusan 60, masu rassa wajen 3,600. Fitattu su ne na Jeongseon da Jindo da Miryang.

Masana da dama suna ɗaukar ta Jeongseon, wani yanki mai duwatsu a lardin Gangwon, a matsayin mafi daɗewa. A ra'ayinsu, masu gangaro da itacen gini ta kogin Han ne suka taimaka wajen kai ta birnin Seoul, musamman lokacin sake gina fadar Gyeongbok wanda aka soma a 1865. A 1896 wani Ba'amurke, Homer Hulbert, ya rubuta karin wani nau'inta da alamomin kiɗa na Turawa.

Shekarar 1926 ce ta sauya matsayin waƙar. A lokacin Koriya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, wanda ya fara a 1910. Na Un-gyu ya shirya fim mai suna Arirang, aka nuna shi a gidan sinima na Dansungsa a Seoul. Labarin wani ɗalibi ne da ya taɓu bayan boren 1 ga Maris 1919. Ya kashe ɗan koren mai gonaki da lauje domin kare ƙanwarsa, 'yan sanda suka tasa ƙeyarsa ya haye tudu ana rera waƙar. Masu kallo ba su buƙaci fassara ba: tudun nan mulkin mallaka ne, wanda aka tafi da shi kuwa ɗansu ne. Fim ɗin kansa ya ɓace, amma waƙar da aka gyara dominsa ta bazu ko'ina. Abin lura a nan shi ne, wannan sabon nau'i shi ake kira Bonjo Arirang, wato ta asali ko daidaitacciya, alhali ƙanwa ce ga waɗancan na karkara. A ganinmu sunan ya ɓoye tarihi, domin yaron da ya koye ta da wannan laƙabi zai ɗauka sauran ne suka kauce.

Bayan raba ƙasar a 1945, kowane ɓangare ya yi nasa taken, amma Arirang ta ci gaba da zama ta kowa. Ita aka yi amfani da ita a madadin take lokacin da Kudu da Arewa suka fitar da tawaga guda a gasar ƙwallon tebur ta duniya a Chiba a 1991, da ita kuma 'yan wasansu suka shigo fili tare a wasannin Olamfik na Sydney a 2000. Duk da haka, daban-daban UNESCO ta yi mata rajista, ta Kudu a 2012, ta Arewa a 2014.

Nau'in da ya samu fim da faifai da rediyo da littafin makaranta shi duniya ta sani. Ta Jeongseon, mai jan murya a hankali, sai da lardin Gangwon ya sa ta cikin kayan gadon da doka ke karewa a 1971, aka kuma naɗa mawaƙa na musamman da ke koyar da ita ga matasa.