Gidan Sinimar Film Forum: Daga Kujeru Hamsin Zuwa Allo Huɗu

Film Forum gidan sinima ne mai zaman kansa a birnin Niyok na ƙasar Amurka, wanda ba don neman riba aka kafa shi ba. Aikinsa shi ne nuna fina-finan da manyan gidajen kasuwa ba sa waiwaya: na ƙananan masu shiryawa, na ƙasashen waje, na dokumentari, da kuma tsofaffin fina-finan da aka gyara aka dawo da su fili.

An kafa shi a shekarar 1970 a arewa maso yammacin tsibirin Manhattan. Matasa biyu ne, Peter Feinstein da Sandy Miller, suka fara shi da jarin dala 2,000, majigi ɗaya da kujerun naɗewa 50. A 1972 Karen Cooper ta karɓi ragamarsa, kuma ta riƙe ta fiye da shekara hamsin, har zuwa 2023. Yawancin abin da aka san gidan da shi a yau ya samo asali ne daga zamaninta.

Gidan ya sha ƙaura kafin ya sami matsuguni. A tsakiyar shekarun 1970 ya sauko kudancin Manhattan, zuwa gidan wasan Vandam. A farkon shekarun 1980 ya koma Titin Watts, inda ya sami allo biyu. Da aka zo rushe wannan gini a ƙarshen shekarun 1980, sai aka shiga tara kuɗi, kuma a 1990 aka buɗe mazauninsa na yanzu a lamba 209, Titin West Houston, da allo uku. Na huɗun ya zo a 2018, bayan gyaran da aka yi wa ginin aka kuma sauya kujeru.

Samun allo na biyu shi ne ya ba gidan siffarsa, domin ya ba da damar raba jadawali gida biyu. Ɓangare ɗaya na sababbin fina-finai ne da ake fara nunawa a Niyok, wanda Cooper ta riƙa zaɓa, daga baya tare da Mike Maggiore. Ga mai shirya fim da ba shi da babban kamfani a bayansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne: fim ɗin da aka buɗe a Niyok yakan sami sharhin manyan jaridu, sharhin kuwa shi ke jawo hankalin gidajen sinima na sauran garuruwa. Fina-finan Frederick Wiseman da dama, waɗanda wasunsu kan kai awa uku ko huɗu, a wannan gida suka fara haɗuwa da masu sayen tikiti.

Ɗaya ɓangaren na tsofaffin fina-finai ne, wanda Bruce Goldstein ya karɓa a tsakiyar shekarun 1980. Lokacin bai yi kama da na fara irin wannan aiki ba, domin kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, gidajen nuna tsofaffin fina-finai na birnin kuma suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Goldstein ya dage kan neman kwafi mai tsabta maimakon tsohon da ya sha karce, ya kuma riƙa haɗa fina-finai jeri-jeri a kan darakta ɗaya ko zamani ɗaya. Jerin da ya yi na fina-finan Hollywood na kafin 1934, shekarar da aka tsaurara ƙa'idar tace fim, ya taimaka wajen farfaɗo da sunan wannan zamani. A 1997 ya kafa kamfanin Rialto Pictures don sake fitar da tsofaffin fina-finai, kuma ta hannunsa ne The Battle of Algiers, fim ɗin 1966 kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ya dawo allo a 2004. A 2023 gidan ya shirya jerin fina-finan Ousmane Sembène na Senegal, don cikarsa shekara ɗari da haihuwa.

Duk wannan yana isa ga jama'a ne ta jadawalin fina-finai masu zuwa. Shekaru da yawa faffaɗar takarda ce mai naɗi, cike da hotuna da gajeren bayani kan kowane fim, wadda masu sha'awa kan liƙa a bango su riƙa yi wa ranaku alama. A cikin jadawalin ake sanar da ranar da darakta zai zo ya amsa tambayoyi, da fina-finai marasa magana da ake raka su da kiɗan fiyano nan take, da kuma Film Forum Jr., nunin da ake yi wa yara da iyayensu ranar Lahadi.

Kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe gida irin wannan. Ragowar na fitowa daga kuɗin zama mamba da gudummawar gidauniyoyi da ɗaiɗaikun mutane, abin da ke ba masu zaɓen fina-finai damar sa fim a jadawali ko da sun san ba zai cika ɗaki ba. Annobar korona ta sa an rufe gidan a watan Maris na 2020, aka sake buɗe shi a Afrilun 2021 da ƙayyadadden adadin masu kallo. Da Cooper ta sauka a 2023, Sonya Chung ce ta gaje ta.