Zumurrudu, Dutsen da Muka Gaji Sunansa

Tun ina ƙaramin almajiri a Zakirai na fara jin kalmar zumurrudu, ran da malaminmu yake siffanta mana gidajen Aljanna a zaure bayan sallar isha'i. Da muka tambayi kamanninsa, sai ya ce mu tuna da ganyen gero sa'ad da ruwa ya ɗauke da hantsi, rana ta haska shi. Shi kansa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe dutsen ba, a littafi ya same shi, kamar yadda Hausa ta samo sunan daga Larabci tare da yaƙutu da lu'ulu'u da murjani, ko da yake waɗannan ukun Alƙur'ani ya ambata, shi zumurrudu bai zo a ciki ba.

A Masar aka daɗe ana haƙarsa, cikin duwatsun da ke tsakanin Nilu da Bahar Maliya, a Wadi Sikait da Jabal Zabara, tun zamanin Rumawa har cikin daulolin Musulunci, kuma malamai sun yi masa bahasi mai zurfi. Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a 1253, ya kasa shi gida huɗu, ya fifita wanda ake kira zubabi, don korensa ya yi kama da sheƙin koren ƙuda. Amma wanda ya fi shiga raina shi ne al-Biruni, domin a zamaninsa mutane sun haƙiƙance cewa maciji in ya dubi zumurrudu idonsa zai tsiyaye. Maimakon ya ruwaito zancen ya wuce, sai ya samo maciji, ya yi wata da watanni yana gwada dutsen a kansa, sa'an nan ya rubuta cewa bai ga komai ba. Wallahi irin wannan tahaƙiƙi nake yi wa ɗalibanmu fata.

Da Sifaniyawa suka mamaye Kolombiya a ƙarni na 16, sai duwatsun Muzo da ke can suka dusashe na Masar, suka malala cikin taskokin sarakunan Indiya da Farisa da Santambul. Har yau akwai wani mai karat 217 da aka zana wa addu'o'i da tarihin 1107 na Hijira. Maganar cewa shi ne dutsen wanda aka haifa a watan Mayu kuwa, 'yan kasuwar kayan ado na Amurka ne suka tsayar da jerin duwatsun watanni a 1912. Ado halal ne, amma mumini ba ya jingina sa'arsa ga dutse ko ga wata.

Abin da ke ci mini rai shi ne, dutsen nan da muke zaton sai a littafi yana kwance cikin ƙasarmu, a wajen Gwantu ta Jihar Kaduna da kuma Nasarawa Eggon, inda aka fara fito da shi cikin shekarun 1980. Ana kwasarsa ɗanye a kai ƙetare a goge, mu kuwa koren gilashi ake kawo mana a faranti ranar kasuwa.

Wanda Allah ya mallaka wa na gaskiya, ya sani wuƙa ba ta karce shi, amma da wuya a sami wanda babu 'yan tsage-tsage a cikinsa, waɗanda masu sana'ar ke cikewa da man itacen al'ul don ya yi garau. Gwaggona ta zo da zoben azurfa mai ƙwayarsa tsarabar Makka, ta riƙa wanke-wanke da shi da toka da ruwan zafi, kafin shekara man ya fita, tsagar ta bayyana fari fat, ta zauna a bakin murhu tana jujjuya shi tana salati. Ruwa mai ɗan ɗumi da tsumma mai laushi sun ishe shi. A cire shi in za a yi daka ko girki, a naɗe shi a ƙyalle shi kaɗai, kada ya gogu da sauran kayan ado cikin adaka.