Shamfen: Tarihin Giyar da Doka Ta Tsare wa Suna

Haramcin giya a Musulunci ba abin jayayya ba ne. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda wasu manoma suka tsare sunan sana'arsu ta gado, domin akwai darasi a ciki ga masu sana'o'inmu.

Shamfen sunan yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, kewayen biranen Reims da Épernay, kuma daga gare shi giyar ta sami suna. Da can, sanyin hunturu kan tsayar da tsimin ruwan inabi. Idan ɗumi ya dawo sai tsimin ya farfaɗo a cikin kwalba, ta yi kumfa, wani lokaci ta fashe. Dom Pérignon, wani malamin Kirista da ya kula da rumbun giyar Hautvillers daga 1668 zuwa rasuwarsa a 1715, ya yi fice ne wajen gauraya inabin gonaki dabam-dabam. Ba shi ya ƙago kumfar ba, domin tun 1662 Christopher Merret ya bayyana a Ingila yadda ake ƙara sukari don giya ta yi kumfa.

Sannu a hankali aibi ya zama ado. Ana matse inabi a tsima, sa'an nan a ɗura a kwalba tare da sukari da yis, a toshe. Iskar tsimi na biyu ba ta da mafita, sai ta narke a ciki. Ƙa'ida ita ce kwalba ta yi aƙalla wata 15 a ajiye kafin a sayar. An kafa gidan Ruinart a 1729, kuma wajejen 1816 gidan Veuve Clicquot ya fito da dabarar jujjuya kwalba a kife har guggubi ya taru a wuyanta a fitar.

Da suna ya yi tsada, sai 'yan kasuwa suka shiga sayo inabin wasu wurare suna laƙaba masa. Wannan ya jawo boren manoma a 1911. A 1927 doka ta shata iyakar yankin, a 1936 aka tabbatar da kariyar sunan, a 2015 kuma Hukumar UNESCO ta sanya gonakin da rumbunan ƙarƙashin ƙasa cikin kayan tarihin duniya.

To, mu fa? Shekaru aru-aru fatake suna ƙetara Sahara da jar fatar akuya da aka jeme a Kano da Sakkwato, amma a Turai sai aka san ta da "fatar Maroko". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Turaren wutar da matan Maiduguri ke haɗawa, daga Gomari har Gwange, da hular Bama da kilishi, duk suna iya bin sawun wannan fata, muddin ba a rubuta asalinsu da ƙa'idojin yinsu ba, aka kuma nema musu kariyar doka. Wannan aiki yana jiran ɗaliban harshe da al'adu.