Tarihin Motar Da Ta Yi Tafiyar Mil Miliyan Uku

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga cinikin tsohuwar mota ya san tambayoyi biyu da ake fara yi: hannu nawa ta bi, kuma nawa ta ci a mita? Amsar ta farko dai bakin dillali ne, ta biyu kuwa mitar ce, kuma dukkansu suna iya yi maka ƙarya. Shi ya sa nake son in ba mu labarin wata mota da babu mai musu a kan tarihinta.

A shekarar 1966 wani malamin makaranta a jihar New York ta Amurka, mai suna Irv Gordon, ya sayi sabuwar Volvo 1800S, ja, mai ƙofa biyu, a kan dala 4,150, kusan albashinsa na shekara guda ke nan. Wajen aikinsa da nisa, kullum sai ya yi mil 125 zuwa da dawowa, ga shi kuma mutum ne mai son tuƙi. A 1987 motar ta cika mil miliyan ɗaya, har kamfanin Volvo ya ba shi tukwicin sabuwar mota. A 1998 ta shiga littafin Guinness a matsayin motar gida da ta fi kowacce tafiya a hannun mai ita na farko. Miliyan biyu a 2002, miliyan uku a 2013 a Alaska. Lokacin da ya mutu a 2018 ta haura mil miliyan 3.2, wato fiye da kilomita miliyan biyar. In ka ƙiyasta da hanyarmu, kamar mutum ya je Kano daga Ikko ya dawo ne sama da sau 2,000.

To yaya aka yi duniya ta yarda? Ai ba mita aka duba kawai ba. Mutumin nan bai taɓa sayar da ita ba, saboda haka babu gardamar hannu. Sannan yana canjin mai a kan kari, yana kai ta gareji, kuma takardun gyaran suna nan. Takardar gareji kuwa tana ɗauke da kwanan wata da adadin da mita ta nuna ran nan. In aka jera su shekara bayan shekara, lamba tana hawa ba ta taɓa sauka ba, ƙarya ba ta da wurin shiga.

Ita mita ita kaɗai ba shaida ba ce. Tsofaffin motoci da yawa gurbin lamba biyar gare su, da sun kai 99,999 sai su koma sifiri. Motar da ke nuna 40,000 tana iya zama 140,000 ko 340,000. Ban da masu kwance ta su mayar da ita baya, abin da Amurka ta hana da doka tun 1972. Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi wata tokumbo, mita na cewa yarinya ce, sai da bakanike ya nuna mini robar birki ta suɗe ƙal, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa. Kafin wata uku sai garambawul. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, don ban nemi takarda ko ɗaya ba ban da ta kwastan.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan shi ne, mu ma muna da irin waɗannan motoci. Tun 1975 kamfanin Peugeot ke haɗa mota a Kaduna, kuma 504 ɗin da ta yi jigilar iyayenmu tsakanin nan da gida yanzu an daina ƙera ta, masu tara tsofaffin motoci suna nemanta. Wasu suna nan a unguwa an lulluɓe da tamfol. Amma tambayi magada rasit ɗin saye, sai a ce ruwa ya ci, ko an bar shi a tsohon gida.

Wanda ke da ita, ya nemo rasit na farko da tsofaffin lasin da inshora, ya duba ko lambar shasi da ta inji sun dace da na takarda. In mota ta canza hannu a rubuta, da shaidu, da abin da mita ta nuna ranar. In an sauya inji ko mitar kanta, shi ma a rubuta. Tsohon direban Alhaji kuma, in yana raye, a zauna da shi tun yanzu a ɗauki abin da ya tuna.