Ƙidayar 'Yan Kallo da Daren Lahadi a Talabijin na Amurka, 1948-1971

Tun kafuwar talabijin a Amurka, manyan tashoshinta da kuɗin talla suke rayuwa. Mai talla kuwa ba ya sakin kuɗinsa sai ya san yawan idanun da za su ga hajarsa. Wannan bukata ce ta haifar da sana'ar ƙidayar 'yan kallo, wadda kamfanin Nielsen ya riƙe ragamarta tun daga 1950. Kamfanin yakan zaɓi gidaje kaɗan su wakilci ƙasa baki ɗaya, ya maƙala wa akwatunan talabijin nasu wata na'ura mai lura da lokacin da aka kunna da kuma tashar da aka kama. Da alƙaluman da aka tattara ake yanka wa talla farashi.

Daren Lahadi yana daga cikin lokuta mafi tsada, domin a sa'an nan ne iyali suke hallara gida. Cikin watan Yuni na 1948 tashar CBS ta ɗora wani ɗan jarida, Ed Sullivan, kan wani shirin nishaɗi na wannan dare, wanda daga 1955 aka riƙa kira da sunansa. Dabarar shirin ita ce kowa ya sami rabonsa cikin awa guda: mawaƙa, da 'yan barkwanci, da masu rawa, da masu wasa da dabbobi. Tun da yawancin gidaje akwati ɗaya gare su, shirin da ya zaunar da kaka da jika wuri guda shi ne mai kasuwa.

Abin da ya faru a 1956 ya nuna ƙarfin ƙidayar. Da fari Sullivan ya ƙi gayyatar mawaƙin nan Elvis Presley, yana ganin rawarsa ba ta dace da idon iyali ba. Sai tashar NBC ta fito da mawaƙin cikin shirin Steve Allen, wanda ake nunawa daidai lokacin na Sullivan, ta kwashe 'yan kallon wannan dare. Ba a jima ba Sullivan ya sauko, ya ɗauki Presley a kan dala 50,000 domin fitowa sau uku. Fitowarsa ta farko, ran 9 ga Satumba, ta jawo mutum wajen miliyan 60. Haka nan ran 9 ga Fabrairu, 1964, kimanin mutum miliyan 73 suka kalli mawaƙan Beatles na Ingila a shirin.

Amma mudun da ya ɗaukaka shirin shi ne ya kayar da shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 masu talla sun daina wadatuwa da jimillar 'yan kallo. Suka koma tambayar shekarunsu da mazauninsu, suna neman matasan birane masu saye. Jama'ar Sullivan kuwa ta ragu, kuma waɗanda suka saura galibi dattawa ne. Daɗin daɗawa, a 1971 aka haramta tallan taba a talabijin, hukuma kuma ta rage wa manyan tashoshi lokacinsu na dare. Da wuri ya yi ƙaranci, sai CBS ta soke shirin bayan shekara 23, tare da waɗansu shirye-shirye masu labarin karkara. A shekarar ce kuma tashar ABC ta sallami shirin kiɗan Lawrence Welk na daren Asabar, wanda shi ma dattawa ne jama'arsa.

Sai dai shirin Welk bai mutu ba. An ci gaba da sayar da shi kai tsaye ga tashoshin garuruwa har 1982. Wannan ya tabbatar da cewa 'yan kallon suna nan ba su tafi ko'ina ba. Darajarsu ce ta faɗi a idon mai talla. Tun daga wancan zamani, mai tsara jadawalin ƙarshen mako ba ya tsayawa kan mutum nawa suka kalla, sai ya san ko su wane ne.