Makarantar da Ba Ta da Allo: Yadda Sabo Ta Koyi Ciniki

Kwanan baya, bayan sallar La'asar, wani dattijo daga cikinmu ya tare mu a ƙofar masallaci da takarda a hannu. Ɗansa ne ya samu gurbin karatu a Poli ta nan Badun, fannin kasuwanci, ɓangaren talla da sayarwa, wanda yara ke ce wa maketin. Maimakon murna sai ga shi cikin damuwa. "Malam," in ji shi, "shekara arba'in ina sayar da goro, ba wanda ya taɓa tsayar da ni gaban allo. Yanzu in biya kuɗi a koya wa yaro abin da ke cikin jininsa?" Muka ce, Alhaji, zauna tukuna. Ai ciniki ba a jini yake ba. Koya maka aka yi, sai dai makarantar da ka yi ba ta da allo, shi ya sa ka manta ka taɓa zama ɗalibi. Wannan hira ce ta sa muka ga ya kamata mu tuna wa jama'armu tarihin waccan makaranta, domin ba Alhaji kaɗai ke riƙe da irin wannan takarda a bana ba.

Kafin a san da Sabo, kakanninmu fatake ne. Goron da ake ci a Kano da Katsina da Sakkwato daga ƙasar Asante yake fitowa, a saye shi a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, a ɗora wa jakuna, a yi watanni a hanya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci. Ayari kuwa yana da tsari: madugu ne shugaba, jagaba ke gaba yana duba hanya da zango. Yaro yana farawa ne da kora jaki da ɗaurin kaya. Sai ya yi tafiya da dawowa sau da yawa kafin a bar shi ya buɗe baki a wurin ciniki, sannan wata rana ubangidansa ya ba shi ɗan kaya ya juya da sunansa.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, a 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga. Fatake suka karkata bakin teku, ana loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya kafin ya koma gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, layin ya kai Kano a 1911. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Yarbawa, mutane masu ido, da suka ga kuɗin da ke cikin goron Gwanja sai suka shiga dasa shi a wajen Agege da Otta da Shagamu. Har yau obi gbanja suke ce masa, wato sunan Gwanja ya biyo shi har gonarsu. Da goro ya matso, sai Bahaushe ya matso. A 1916 aka ware mana wannan unguwa.

Nan ne makarantar ta sauka daga bayan jaki ta shiga zauren maigida. Matasanmu da yawa in an ce maigida suna ɗauka mai gidan haya ake nufi. A'a. Maigida shi ne mai saukar baƙon da ya zo daga Arewa da dukiya, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in ciniki ya rikice. Abin da yake samu la'ada ce, amma jarinsa na gaskiya sunansa ne. In baƙo ɗaya ya koma Kano ya ce an ci amanarsa a gidan wane, to, zauren nan ya bushe ke nan.

Ku dubi abin da yaron gida ke koya a harkar goro. Da farko shara da kai wa baƙi abinci, yana jin hirarsu, yana gane wane ne mai gaggawa, wane ne mai taurin kai. Daga nan a tura shi ƙauyuka tare da manya, ya ga yadda ake saye daga manoma da matan Yarbawa masu sari, dole Yarbanci ya zauna a bakinsa. Sai zaɓe: fari daban, ja daban, manya daban, a fitar da mai sankara tun kafin ya lalata 'yan'uwansa. Sai ɗaurin huhu da ganye, yadda goro zai isa Arewa bai bushe ba bai kuma ruɓe ba. Sai sanin lokaci, wato yaushe za a saki kaya, yaushe za a riƙe ya zama daushe ya yi daraja. Farashin Kano kuwa ta wasiƙa da waya da bakin matafiya yake zuwa, wanda ya riga ji shi ya riga ci. Mu da muka tarar da ƙarshen wannan zamani, mun sha rankwashi a kan ƙwarya ɗaya ta goro da muka ƙirga ba daidai ba. Ɗari ce cif, ba ɗari ba ɗaya ba.

Harkar shanu ta fi wannan haɗari. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda tsando, tilas a sayar da ita da wuri. Mahautan gari kuma ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar sannan su biya. Ke nan baƙo zai ba da dukiyarsa bashi ga mutumin da bai taɓa gani ba, ba takarda, ba kotu. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne ilimin dillali da lamunin maigida. Dillali ya san mahauci nawa ne ke kasuwa, wane ke yanka biyu a rana, wane ya aurar da 'ya a watan nan aljihunsa ya yi sanyi, wane ya taɓa jinkirta biya. In mahauci ya ƙi biya, masu gida su haɗa kai a daina ba shi ko ɗan maraƙi. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikin iyayenmu a 1962 da 1963, ya rubuta littafi a kan Sabo da ya fito a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Abin dariya, mai yiwuwa jikan dillali ya biya kuɗi a karanta masa labarin kakansa da Turanci.

Kada mu manta da iyayenmu mata. Suna cikin kulle, amma tuwo da ƙosai da fura da suke aikawa da yara talla sun ciyar da unguwa mai cike da baƙi da gwauraye. Yarinya 'yar shekara tara ta san canji, ta san wanda ake ba bashi da wanda ake ce wa ya ƙare.

Yaye ɗalibi a wannan makaranta ba da takarda ake yi ba. Maigida ne zai yi maka aure, ya ba ka ɗaki, ya ba ka jari ko ya sa ka cikin dillalansa. Shekara goma, wani ma ashirin.

To amma mu faɗi gaskiya, makarantar tana da rami. Lissafi a ka yake zaune. Wasu gidaje suna da malami mai rubuta shiga da fita da ajami, amma da yawa ba su da shi. Mu da ake kira rabon gado mun ga abin da ba ya faɗuwa. Akwai gidan da a da sai ka tsallake baƙi kafin ka kai ga maigida. Da Allah Ya karɓi ransa, masu binsa bashi suka zo da shaidu, waɗanda yake bi kuwa ko ɗaya bai ɗaga yatsa ba. Cikin shekara biyu marayu suka sayar da gidan. Abin da ya fi ba mu kunya, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Muna karanta ta a Tarawihi, da safe mu ba da kayan miliyoyi a kan "Allah Ya kai mu."

Sannan zamani ya zo ya zare wa zauren ginshiƙi. Tirela ta maye gurbin jirgin ƙasa, mai kaya yana iya wucewa kai tsaye Shagamu ko ƙasar Ondo bai kwana a Sabo ba. Kara ta yi nisa da unguwa. Daga 1986, da darajar naira ta fara rawa, matasa suka ga canji ya fi ɗaurin huhu saurin kawo kuɗi. Wayar hannu ta shigo a 2001, farashin da a da sirrin maigida ne ya zama abin da kowa ke ji cikin minti ɗaya. Kuɗin da ake ba maigida ajiya yanzu taransifa ake yi. Wanda bai yarda ba, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya masa. Yau zaure nawa ne a Sabo ke da yaran gida goma suna koyon sana'a? Ku ƙirga da kanku.

Ita kuwa ɗaya makarantar, mai allo, ba jiya ta zo ba, mu ne muka juya mata baya. Ta Yaba a Ikko ta fara a 1947, Poli ta Badun a 1970, tana nan kusa da mu, kuɗin mota kaɗan. A 1977 gwamnati ta kafa hukumar NBTE, mai hedikwata a Kaduna, don tantance irin waɗannan makarantu da darussansu. Tsarin shi ne shekara biyu a sami ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta koyon aiki, sai wata biyu a sami babba. Mun karɓi littattafan wani yaronmu mun sa ya fassara mana. Akwai abu huɗu da suke jerawa tun daga 1960: kaya, farashi, wurin sayarwa, da talla. Muka yi murmushi, domin ba tsohon dillalin da bai san su ba. Amma da ya buɗe babin ajiye lissafi, da fitar da riba bayan cire kuɗin mota da lalacewar kaya, da rubuta yarjejeniya, da rajistar kamfani, da yadda ake sa wa kaya suna da mazubi har babban kanti ya karɓa, sai murmushin ya tsaya. Kilishinmu da yajinmu wasu ne ke ƙunshe su a leda mai tambari suna kai wa kantuna, mu muna nan da tsohuwar jarida.

Abin da ba mu gani a littattafan ba shi ne babin ciniki na Risala: haramcin ɓoye aibin kaya, da taya kaya don a ruɗi wani alhali ba saye za ka yi ba, da garari, da riba ta haram, da sharuɗɗan ƙirali. Talla kuwa wuri ne mai santsi, tsakanin yabon kaya da ƙarya taku ɗaya ne. Wannan aikinmu ne mu malaman unguwa, kuma mun yi sakaci da shi. Muna tsayawa a tsarki da salla, yaro ya bar Islamiyya bai taɓa jin babin ciniki ba, alhali a kasuwa zai ƙare rayuwarsa.

Shawarar da muka ba Alhaji ita ce ya bar yaro ya tafi, amma da sharaɗi. Ya tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin, don akwai masu buɗe aji a saman shago su karɓe kuɗin mutane. Asabar da Lahadi yaro ya zauna a rumfa ya ɗaura huhu da hannunsa, kada takarda ta sa ya ji ƙyamar ganye. Sannan tun daga zangon farko a miƙa masa lissafin gidan.

Yaron ya fara zuwa aji. Ya sayo babban littafi mai layi, ya zaunar da mahaifinsa dare uku suna rubuta masu bashi, suka kai mutum goma sha tara. Saura biyu Alhaji ya ƙi faɗa, wai abokan mahaifinsa ne, ba zai sa sunansu a takarda yaro yana gani ba. Ya ce zai zo ya faɗa mana mu rubuta mu ajiye a masallaci. Yau sati uku ke nan muna jiransa.