Kalmar "They" da Matsalar Shi ko Ita a Turanci

Kalmar "they" ba 'yar gida ba ce a Turanci. Aro ce daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, ta shigo wajen shekarar 1200, kuma tun wajen 1375 an same ta a rubuce tana nuni ga mutum ɗaya da ba a fayyace jinsinsa ba. Malaman nahawu na ƙarni na 18 ne suka yi mata takunkumi, suka ce "he" ta wadatar, har majalisar Birtaniya ta zartar a 1850 cewa lafazin namiji a cikin dokoki ya haɗa da mace. An kuma gwada ƙirƙirar sabuwar kalma. Charles Converse, wani lauya ɗan Amurka, ya ƙago "thon", ta shiga ƙamusun Webster a 1934, aka cire ta a 1961 don ba mai furta ta. Dalilin a fili yake: wakilin suna yana fita daga baki ba tare da tunani ba, don haka sabo yake bukata, kuma "they" ta riga kowa samunsa.

Masu suka na cewa jam'i ba ya zama tilo. To, ai "you" ma jam'i ce a da, ta ture "thou", kuma har gobe aikatau na jam'i take ɗauka ko mutum ɗaya ake wa magana. Bahaushen da ke ce wa dattijo "ku" ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ƙorafin da ke da nauyi shi ne ruɗani, idan mutum ɗaya da taron jama'a suka haɗu a jimla guda. A nan gara marubuci ya maimaita sunan.